Gidaɗo da Saniyar Cikin Takarda

Da sunan Allah. Zuliha, rufe littafin Turancin nan, ɗauko farar takarda. Tun hantsi nake jin kina nanata labarin manomin nan da saniyarsa, har na gaji da jinsa. Littafin nan kafin ya zo hannunki na Gidaɗo ne, kuma labarinsa nake so ki rubuta. Yadda na faɗa za ki sa, kada ki gyara min baki.

Ke Baffa kike ce masa, amma rubuta don wanda bai san shi ba. Gidaɗo ɗan ƙanwata Inno ne, shi ne ɗanta na fari. A nan gefen Bunkure aka haife shi, tun ba a san za a haƙa kanal ba, tun wurin nan da ake shuka alkama yanzu makiyaya ce. Ubansa ya rasu yana da shekara shida, ya bar musu shanu goma sha ɗaya, sai na dawo da su gidana. Yaron bai iya wasa ba. Tun yana ƙarami in ka ce masa saniya kaza ta sha ruwa alhali ba ta sha ba, zai tsaya ya dube ka ya ce, "Kawu, ba ta sha ba." Ko a gaban baƙi. Na sha jin kunya a kan haka, amma shanu ba su taɓa kwana da ƙishi a hannunsa ba.

Lokacin yaƙin basasa aka aiko kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a kai boko. Kowa ya ɓoye nasa. Aka duba aka ga maraya, ba uban da zai je ya yi hayaniya, aka rubuta Gidaɗo. Ni ma ban yi hayaniyar ba, ki rubuta wannan. Shekararsa goma sha uku a lokacin. Ya zauna aji ɗaya da yaran da ba su kai masa ƙirji ba, gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin benci. Da asuba ya yi tatsa, ya tafi makaranta da warin garke a jikinsa, yara na toshe hanci, in an tashi ya dawo ya kora shanu. Shekara bakwai a haka. Har gemu ya fara fito masa yana aji bakwai.

A cikin shekarun nan ne duniyarmu ta juya. Aka yi fari, shanu uku suka mutu. Aka gama dam ɗin Tiga, katafila ta zo ta baje ƙasa, aka shimfiɗa kanal da siminti, ruwa ya zo da rani tsaf kamar an kira shi. Ba na zagin ruwa, na ci tumatir ɗinsa, na ci alkamarsa. Amma kanal ɗin ya ratsa burtalin da shanunmu ke bi, kuma duk wanda zai yi magana a kan gona ko garke sai mai takarda. Malaman gona suka cika gari a kan babura, wando da riga, suna gaya wa mutumin da ya shekara hamsin yana noma yadda ake riƙe fartanya.

To a nan ne malaminsu na aji bakwai, Malam Lukmanu, ya zo har gida. Mutumin Kura ne, siriri, mai fara'a, kullum da alli a gefen hannun rigarsa. Ya ce akwai wata makarantar koyon aikin gona da kiwo, ana ɗaukar waɗanda suka gama firamare, in mutum ya yi shekara biyu ya fito malamin gona. Daga makarantarsu mutum ɗaya za a ɗauka. Ya ce, "Baba, yaron nan shekararsa ashirin ake nema. Bana ce kawai tasa, baɗi sun ce ya wuce shekarun ɗauka. Lissafi ba ni da shakka a kansa. Turanci ne zai raba."

Na ce, "Malam, aikin gona za a koya masa ko aikin gidan gwamna? Ina ruwan saniya da Turanci?"

Ya yi dariya ya ce, "Saniya ba ruwanta, Baba. Ƙofar ce da Turanci aka rubuta ta."

Su biyu aka tsayar za su zauna jarrabawar. Gidaɗo, da Bilya ɗan Baballe dillalin tumatir. Bilya yaro ne mai tsabta, takalminsa kullum a goge, bai taɓa cutar da kowa ba. Amma in ka nuna masa karsana da bajimi ka ce ware min mace, sai ya sunkuya ya leƙa.

Malam Lukmanu ya ba kowannensu littafin nan da ke gabanki. Ya ce jarrabawar Turancin kashi biyu ce. Akwai sanin kalmomi, a ba ka kalma ka faɗi ma'anarta. Akwai wanda suke kira kwamfirihenshan, wato a ba ka ɗan labari ka karanta, a yi maka tambayoyi a kansa, a ga ko ka gane.

Wata biyar Gidaɗo bai san hutu ba. In ya kora shanu bakin kanal, sai ya sami wurin da simintin ya bushe, ya ɗauko gawayi ya rubuta kalma goma. Ya bi su ɗaya ɗaya yana faɗa da ƙarfi, ya juya baya ya faɗe su a ka, wadda ta kuɓuce masa ya sake rubuta ta sau uku. Washegari goma sababbi, a ƙara da na jiya. Sai da bangon kanal ya yi baƙi tun daga gadar katako har kwanar gonar Baballe. Mata masu wanki suna tsokanarsa, "Bature mai sanda, ina kwana? Yau me saniya ta ce da Turanci?" Shi kuwa ko a jikinsa. Yana da ɗan ƙamus wanda bangonsa ya cire, ya ɗinka masa jakar fata, yana rataye da shi tare da gorar ruwa.

Labaran kuma ni yake karanta wa. Bayan la'asar in ina gyaran igiya, sai ya zauna ya karanta da Turanci, sannan ya juya min da Hausa jimla jimla. Ya ce in bai iya faɗa min yadda zan gane ba, to shi ma bai gane ba. A bakinsa na ji labarin jirgin ƙasa da ke tafiya a cikin rami. Na ji na garin da ruwan sama ke zuba kamar auduga mutane su yi ta tattakawa. Na ji na wani mutum da ke zaune a dogon gini a tsakiyar teku, aikinsa kunna fitila kawai. Nakan ce, "Kai, wannan ƙarya ce." Shi kuma ya ce, "Kawu, ba mu je ba. Abin da ban gani ba ba na musunsa." Ya amsa tambayoyin duka, Malam ya duba, ya ci.

Bilya nasa salon daban. Ba ya wahalar da kansa da ganewa. In tambaya ta zo, sai ya duba kalmar da ta fi tsawo a cikinta, ya bi labarin da yatsa har ya ga inda irinta take, ya kwashe layin gaba ɗaya ya sauke a takardarsa. Ko me layin ke faɗa, oho. Wata rana Gidaɗo ya tambaye shi, "Wannan da ka rubuta me yake nufi?" Ya ce, "Ni ina na sani? Na dai san a nan yake." Kuma abin takaicin, Malam ya duba ya ga daidai ne. Na tambayi Malam, na ce yanzu wannan karatu ne? Ya sosa ƙeya ya ce, "Ba karatu ba ne, Baba, amma yana cin maki."

Ana saura wata guda suka iso labarin nan naki. Ranar Gidaɗo ya fara karantawa, ya kai tsakiya, ya tsaya. Ya koma farko. Ya buɗe ƙamus, ya rufe. Na ce, "Yau kuma kalmar ta fi ƙarfinka?"

Ya ce, "Na gane kowace kalma, Kawu. Saurara ka ji. Wai wani manomi ne, sunansa Iliyasu, yana da saniya. Ta haihu. Ranar da ta haihu ya ɗauke maraƙin ya kai shi wani ɗaki can nesa, yana ba shi madara a bokiti. Ita kuma yana tatsar ta safe da yamma ita kaɗai, bokiti na cika. Wai da haka ya fi maƙwabtansa samun madara, don shi mai wayo ne, su kuwa suna barin maraƙi yana shanye musu."

Na ajiye igiyar. Na ce, "Ita kaɗai? Ba maraƙi a gabanta?"

"Ba maraƙi."

"Kuma ta sako nono?"

"Bokiti biyu, in ji su."

Na tofar da yawu. Ke kin tashi a gidan shanu, kin sani, amma rubuta don wanda bai sani ba. Saniyarmu ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Kwance maraƙi ake yi daga dangwali, wato igiyar da ake jera maruƙa a kai, ya ruga ya kama, ya tunkuri hantsar sau biyu sau uku, nono ya sauko. Sannan a janye shi a ɗaure a ƙafarta ta gaba, tana lasarsa kana tatsa, ka bar masa rabonsa. In babu shi, ko za ka ja har yatsunka su kumbura, riƙewa za ta yi. Ko maraƙin mutuwa ya yi, sai an feɗe fatarsa an cusa ciyawa an barbaɗa kanwa an ajiye mata tana lasa, kafin ta yarda. Wannan ko yarinya mai tallan nono ta san shi.

Ya nuna min hoton da ke saman labarin. Ga mutum da hula da babbar riga, ga saniya fara da tozo da dogayen ƙahoni. Tamu sak.

Washegari ya kai wa Malam amsoshinsa. Tambaya ta farko, me ya sa Iliyasu ya ɗauke maraƙin? Ya rubuta, don bai san shanu ba. Ta biyu, madara nawa yake samu? Ya rubuta, ba zai sami komai ba. Malam Lukmanu ya ja jan biro a kai tun daga sama har ƙasa, ya biyo shi gida ransa a ɓace.

"Gidaɗo, sau nawa zan gaya maka? Ba abin da ka sani aka tambaye ka ba. Abin da ke cikin takardar aka tambaye ka."

"Malam, abin da ke cikin takardar ba ya faruwa."

"Ko takarda ta ce saniya ta hau keke, aka ce me ta hau, ka rubuta keke!"

"In ta ce keke zan rubuta, Malam, don kowa ya san wasa ne. Wannan kuwa koyarwa suke yi. Wani zai karanta ya je ya aikata."

Malam ya ce shi a kwaleji aka koya musu haka, kuma littafi ba zai buga abin da babu ba. Gidaɗo bai ƙara musu ba, ya ce, "Gobe Asabar. Ka zo garke da sassafe."

Ya zo kuwa, Allah ya saka masa, da farin takalminsa. Muna da wata saniya, Gajera, mai haƙuri, ko yaro na tatsar ta. Gidaɗo ya ɗauki ɗanta ya kai bayan rumbu inda ba ta ganinsa, ya miƙa wa Malam ƙwarya ya ce bisimilla. Malam ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya ja, ya ja, ya matsa. Ɗigo uku. Ya ce ko hannunsa ne bai iya ba. Gidaɗo ya karɓa ya gwada a gabansa, bai fi cokali ba. Gajera sai waige take tana kuka, ɗan yana amsa mata daga bayan rumbu. Can ta gaji da mu, ta ɗaga wutsiya ta sauke wa Malam kashi a kan takalmi, mai ɗumi. Inno da ke tsaye da tukunya ta juya baya tana dariya a cikin mayafi.

Aka sako maraƙin. Ya zo a guje ya kama, ya tunkura. Ba a yi minti biyu ba Gidaɗo ya janye shi ya ɗaure, ya tsuguna, sai ga madara tana ƙara a cikin ƙwarya har da kumfa.

Malam ya daɗe yana kallo, yana goge takalmi da kara. Sannan ya ce, "Na gani. Wallahi na gani. Ina jin shanun Turai ne suke haka, an saba musu tun kakanninsu. Labarin can aka rubuta shi, aka kawo nan aka canja wa mutumin suna."

Na ce, "Aka kuma ɗora wa saniyar tozo."

Ya ce, "Aka ɗora mata tozo."

Na ce, "To da sun bar Baturensu da saniyarsa mana! Da yaron nan ya amsa musu kamar yadda ya amsa na mai fitila. Wane marar kunya ne ya zauna ya sa wa mutum hula da riga don a ce namu ne?"

Malam ya ce bai san shi ba, kuma ba wanda zai san shi. Ya juya ga Gidaɗo, murya ƙasa ƙasa. Ya ce makarantar nan labarai shida take juyawa a jarrabawarta, duk suna cikin littafin, ya bi na shekarun baya ya gani. Na saniya bai fito bara ba, bai fito bara waccan ba. "Bana ina jin ƙamshinsa. In ya fito, don girman Allah ka rubuta abin da suke so. Ka shiga tukuna. In ka fito da takardarka, ka gyara duniya."

Yanzu ki rubuta nawa laifin, kada ki tsallake. Ana gobe za su tafi birni na kira shi bayan azahar. Ni da na tofar da yawu a kan labarin nan, ni ne na ce masa, "Gidaɗo, in ta fito, ka ce bokiti biyu."

Ya ce, "Kawu, kai ma?"

Na ce, "Ni ma. Takarda ce, ba rantsuwa ba ce. Ba Gajera za su tatsa ba."

Inno tana daga ƙofar ɗaki. Kin san ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce da bango, "A gaya wa wancan, shekara bakwai ana toshe masa hanci. Kada ya dawo min da sanda kawai."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To." Ban taɓa jin "to" mai nauyin wannan ba.

Suka tafi a motar tumatir ta Baballe, shi da Bilya a kan kwanduna. Kwana biyu suka dawo. Na hango shi daga gadar katako yana tafe da sauri, fuska a sake, na ce alhamdu lillahi. Ya gaishe ni, ya sha ruwa.

Na ce, "Ta fito?"

"Ta fito, Kawu. Kalmomi arba'in aka ba mu, biyu kawai na yi shakka."

"Saniyar nake tambaya."

Ya ce tambaya biyar aka yi a kanta. Huɗu na farko ya danne zuciyarsa, ya rubuta yadda takarda ta ce. Ta biyar ita ce babba, makinta ya kai na huɗun a haɗe. Aka ce, ka rubuta layi goma, in kai ne malamin gona, wace shawara za ka ba makiyayin garinku don ya sami madara kamar Iliyasu.

Na ce, "Sai ka ce me?"

"Kawu, makiyayin garinmu fa aka ce. Kai ke nan. Ni ne zan tsaya a gabanka in ce ka raba Gajera da ɗanta? Na rubuta musu yadda ake yi. Dangwali, da ɗauri a ƙafar gaba, da barin rabon maraƙi, da harawa da dusa da kanwa in ana son nono ya ƙaru. Har fatar maraƙi na sa. Layi goma sha takwas na yi, Turancin ma ya zauna. Kada ka damu. Makarantar kiwo ce fa, ba ta akawu ba. Wanda zai duba takardar nan ya san saniya. In ya karanta zai gane wanda ya dace da su."

Wallahi har na so in yarda. Na juya ga Bilya da ya rako shi, na ce kai fa? Ya ce shi ya ga sunan Iliyasu a tambayar, sai ya kwashe layi goma daga inda sunan ya fara.

Bayan wata biyu sakamako ya zo. Bilya aka ɗauka.

Malam Lukmanu bai haƙura ba. Ya hau mota ya je can, ya yi kwana biyu yana zarya a baranda har wani ya ji tausayinsa ya nuna masa takardun. Ya dawo ya zauna a kan tabarmar nan da kike kai, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce a kalmomi Gidaɗo ya ninka Bilya. A lissafi ya wuce shi. A tambaya ta biyar an ja masa layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, an rubuta a gefe, ba ya cikin labarin. Maki uku ya raba su.

Na ce, "Mai dubawar bai san saniya ba?"

Ya ce, "Baba, ba malaman kiwo ke dubawa ba. Wasu ake ɗaukowa a ba su takardar amsa, su ɗora a gefe, abin da ya yi kama su ba shi, wanda bai yi ba su soke. Ban ma tabbata ya karanta har ƙarshe ba."

Tir. Layi goma sha takwas, wata biyar na gawayi a bangon kanal, ba a ma karanta ba.

Gidaɗo yana tsaye yana ji. Ya ɗauki sandarsa ya kora shanu. Inno kwana uku ba ta kai nono kasuwa ba. Mutanen gari kuwa, waɗanda kowannensu ya san gaskiyar maganar yaron, su ne suka fi kowa yi masa dariya. A majalisa ana cewa, "Ga wanda ya je koya wa Bature tatsa." Har wanda Gidaɗo ya taɓa ara wa bajimi yana ciki. Baballe ya yanka rago. Na je na ci, don maƙwabci ne kawai.

Ban gama ba, ƙara tawada.

Bara Bilya ya dawo da takardarsa da babur ja. Aka buɗe wani ɗan garken gwaji can ƙetaren kanal, shanu goma farare irin namu, aka ce shi zai kula, makiyaya su zo su ga kiwon zamani. Shida suka haihu kusan tare. Kin san abin da ya yi. Abin da ya kwashe a jarrabawa shi ya sauke a garke. Ya sa leburori suka kwashe maruƙan zuwa wani ɗakin kwano, aka jera bokitai sababbi.

Kwana uku muna jin kukan shanun nan daga nan gidan. Uwa na kira, ɗa na amsawa. Namu ma suka ƙi kiwo sosai. Inno ta toshe kunne da ɗankwali. A rana ta huɗu da hantsi sai ga babur a ƙofar garkenmu. Bilya ya sauko, idonsa ja, wandonsa duk kashin shanu.

Ya ce, "Yaya Gidaɗo, sun ƙi. Hantsarsu ta kumbura kamar za ta fashe, ɗaya ta kwanta. Maruƙan ba su iya shan bokiti ba. Jibi manya za su zo dubawa."

Ni na so Gidaɗo ya ce masa je ka tambayi Iliyasu. Da ni ne da na faɗa. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi, "Wadda ta kwanta tana tuƙa?" Ya ɗauki igiya da ƙullin kanwa ya hau bayan babur. Na bi su a ƙafa don idona ya gani.

Ya buɗe ɗakin kwanon. Maruƙan suka fito suna tangaɗi, kowanne ya nufi uwarsa ba wanda ya nuna masa. Kukan ya ɗauke ɗif. Ya bi su ɗaya ɗaya, ya ɗaure, ya tatsa, ya gasa wa mai kumburin hantsa da ruwan ɗumi. Biyar suka warke. Ta shidan nononta ɗaya ya mutu, har yau da uku take shayarwa.

Da aka natsa, Bilya ya kawo takarda da biro yana murmushin kunya. Ya ce rahoto za a rubuta wa manya da Turanci, kuma kowa ya san hannun Gidaɗo ya fi nasa. Gidaɗo ya zauna a kan bokiti ya rubuta shafi guda, ya karanta masa. Bilya ya saurara, ya ce, "Ya yi kyau, Yaya. Sai dai wurin maruƙan nan. A cire shi. Manya yadda ke cikin littafi suka sani, in suka ga an mayar da maruƙa za su ce ban bi tsari ba. A ce dai an bi tsari, madara ta samu."

Gidaɗo ya dube shi yadda yake dubana yana ɗan shekara shida. Ya ɗora biron a kan takardar, ya miƙa masa, ya ce, "Wannan kai ka iya shi." Ya naɗe igiyarsa muka taho.

Ranar da manyan suka zo, an tatsa tun da asuba da maruƙa a gaba, aka mayar da su ɗakin kwano aka rufe, aka jera bokitai cike a inuwa. Suka duba, suka gyaɗa kai, suka rubuta, suka shiga mota. Wani leburan wurin ne ya ba ni labari, yana dariya. Ni ban yi ba.

Gidaɗo yana nan inda kika san shi. Shanunsa sha tara yanzu. Ya yi aure, ya sami 'ya. Ƙamus ɗin na nan a jakar fata. Duk wanda ya sayo gwangwanin maganin feshi ko na tsutsar dabba a garin nan, wurinsa yake kaiwa ya karanta masa awo, har da masu cewa ya je koya wa Bature tatsa. Shi kuma Bilya in ya zo wucewa sai ya rage gudu ya ɗaga hannu, Gidaɗo ya ɗaga masa sanda.

Ga shi shekara huɗu, littafin bai canja ba, saniyar na nan da tozonta, an miƙo miki. Ɗazu kin tambaye ni in ta fito a taku jarrabawar me za ki rubuta. Jikata, amaryata, ni na ba da shawara a kan wannan sau ɗaya, har yau in na tuna bakina ɗaci yake. Ba zan ƙara ba. Sa aya a nan, ki wanke tawadar hannunki, ki je ki tambayi Baffanki. Yana garke. Ki bari ya kwance maraƙin tukuna.